Tambaya da Amsa: Za mu yi tafiya, wa zai tsare mana gida?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Mun tare a sabon gidanmu a Bado wata biyar da suka wuce, kuma kangwaye ne kewaye da mu. Makon jiya aka haura gidan maƙwabcinmu aka kwashe batiran sola da babur. Ga shi za mu je Argungu biki, kwana shida. Maigidana ya ce mu sa kyamara. Ta isa? Daga wata mai karatu, Sakkwato.

Amsa: 'Yata, Allah ya tsare gaba. Kyamara tana da amfani, amma shaida take bayarwa bayan an yi ɓarna, in ma ba a ɗauke wuta ba. Ni da kuɗin a hannuna yake, mai walda zan fara kira.

Ki fita ki zagaya gidan da idon ɓarawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bulon da magina suka jibge jikin katangarku tsani ne, haka reshen dogon yaro da ya leƙo tsakar gida. A janye bulon, a sare reshen. Sannan ki dubi ƙofa. Abin da ya fi damuna a sababbin unguwanninmu shi ne ƙaton kwaɗo yana reto a waje, yana shaida wa duk mai wucewa cewa ba kowa a ciki. Mai walda ya yi masa akwatin ƙarfe da zai rufe shi, yadda almakashin yanka ƙarfe ba zai kai gare shi ba. Ƙarafan taga kuma a binne bakinsu cikin siminti, domin waɗanda aka ɗaura da ƙusa, da ƙarfe ɗaya ake ɓamɓare su. Amma don Allah a bar taga ɗaya mai buɗuwa daga ciki. Na taɓa zuwa ta'aziyyar gobara a gidan da ƙarafan nan suka hana mutane fita, har yau abin bai bar raina ba.

Batira da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, su koma ɗaki mai makulli da iska ke shiga, kar a bar su a baranda.

Batun tafiya kuwa, kwana shida ba a barin gida shiru. Ku samo ƙane ko ɗan'uwa amintacce ya riƙa kwana, a ga fitila, a ga an share ƙofa. Maigidanki ya je da ƙafarsa ya sanar da maƙwabcin da ya yarda da shi, ya biya kuɗin 'yan sintirin unguwa kafin ku tashi. Hotunan biki kuma ki riƙe su sai kin dawo, domin ba ki san duk masu kallon WhatsApp ɗinki ba.

Yau ɗin nan ku danna *#06# a kowace waya, ku rubuta lambobi 15 da za su fito, wato lambar shaidar wayar (IMEI), tare da lambar injin babur in kuna da shi. Waɗannan lambobin ne 'yan sanda za su nema in an yi sata. Idan kuwa kuna ciki kuka ji motsi, kar maigidan ya fita da taɓarya. Ku sa sakata, ku kira maƙwabta da lambar kiran gaggawa 112, ku ɗaga murya.