Mai hadda da yake shan taba don hankalinsa ya tattaru

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekaruna 34, ina haddar Alƙur'ani, na kai izu 40. Tun ina sakandare nake shan taba sigari, yanzu kusan kara 10 a rana. In na zauna tilawa da dare sai na busa ɗaya kafin hankalina ya tattaru. Amma bana mantuwa ta dame ni, shafin da na haddace jiya sai ya kuɓuce yau. Wata uku da suka wuce likita ya ce ina da hawan jini, ya ce in daina. Wani abokina kuma ya ce taba makaruhi ce kawai, har ma manyan malaman Malikiyya sun halatta ta. Zan iya ci gaba da sha da niyyar taimaka wa haddata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya cika maka izu 60 ɗinka, ya sa ka yi aiki da su.

Maganar likita ita ce ta yanke hukunci a tambayarka. Mutumin da aka auna, aka tabbatar masa da hawan jini, masani ya ce masa ya daina, shan taba haramun ne a kansa, kuma ko malaman da abokinka ya dogara da su ba za su ce maka ka ci gaba ba. 

Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya kawo maka. Gaskiya ne Shaihu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya yi fatawar halaccin taba, haka ma Shaihu Aliyu al-Ajhuri na Masar. Sai dai a zamaninsu ɗin ne kuma Shaihu Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma Bamalike, ya haramta ta. Abin da waɗanda suka halatta suka duba shi ne: shin tana gusar da hankali kamar giya? Suka ga ba ta gusarwa, sai suka bar ta a kan asalin halacci, da sharaɗin kada ta cutar da mai shanta. A lokacin taba ba ta daɗe da shigowa ƙasashen Musulmi ba, babu wanda ya leƙa huhun mashayi. A 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka fito da binciken da ya danganta ta da kansar huhu. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara. Sharaɗin da malaman nan suka gindaya ya rushe, kuma rashin adalci ne a gare su a ɗauki hukuncinsu a yar da sharaɗinsu.

Masu cewa makaruhi ce suna kwatanta ta da albasa da tafarnuwa. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Illar albasa wari ce, da ka wanke baki shi ke nan, jiki ma yana amfana da ita. Wane amfani jiki ke samu a hayaƙin da yake lalata jijiyoyin jini?

Yanzu batun nutsuwar da kake ji. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ka ji kanka ya washe. Amma dagulewar da kake ji kafin ka sha, ita tabar ce ta haifar da ita, don ƙwaƙwalwarka ta saba, da nikotin ya ragu sai ta rikice. Tabar tana maido ka ne inda wanda ba ya sha yake tun farko. A gefe guda kuma hayaƙin yana ɗauke da wata guba da ke kama jini ta rage iskar da yake kai wa ƙwaƙwalwa, yana ƙuntata jijiyoyi, yana taurara su. Haɗa wannan da hawan jini, ka samu babbar hanyar shanyewar ɓarin jiki, kuma masu shan taba sun fi shiga haɗarin cutar mantuwa idan girma ya zo. Ban ce duk mantuwarka daga taba take ba. Nikotin da dare yana ɓata barci, hadda kuwa a cikin barci take zama. Ka koma wurin likitan ka gaya masa batun mantuwar, kuma kada ka yi wasa da maganin hawan jininka.

Ka sani makonni biyu zuwa huɗu na farko za su yi maka nauyi: saurin fushi, ciwon kai, karatu ya ƙi shiga. Shaiɗan zai ce maka ka gani, dama tabar ce ke riƙe maka haddar. Kada ka saurare shi, wannan yana wucewa. A makonnin nan ka dakatar da sabuwar hadda, ka tsaya a kan muraja'a, wato bitar abin da ka riga ka haddace, ka mayar da zamanka bayan sallar Asuba maimakon tsakar dare, tunda daren ne ya ɗaure da karan sigari. Kada ka musanya da shisha, ita ma taba ce. Ka gaya wa malaminka na hadda ko da kana jin kunya, ka yi nesa da majalisar da ake busawa. In kana da iyali, daga yau kada hayaƙi ya sake shiga ɗakin da suke kwana, domin su ma yana cutar da su, kuma haƙƙinsu ne a kanka.

In ka zame ka sha bayan ka daina, ka yi istigfari ka sake ɗaura niyya a ranar, kuma ka tambayi likitan magungunan da suke taimaka wa masu son dainawa, amfani da su halal ne.

Wallahu a'alam.