Windows 10 ta ƙi sabuntawa, kuma ba ta shiga yanayin gyara

Malam, ka ce sabuntawar tana tsayawa da lambar kuskure 0x80070643, kuma ko ka danne Shift ka sake kunna kwamfutar, shafin gyara ba ya fitowa. Sau da yawa tushen matsalolin biyu ɗaya ne: ɗan ɓangaren ma'ajiyar kwamfuta (hard disk) da Windows ke ajiye kayan gyaranta ya cika. Sabuntawar KB5034441 ta Janairun 2024 ta jawo wa mutane da yawa wannan, domin tana buƙatar sararin MB 250 a wannan ɓangaren.

Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, a matsayin mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta reagentc /info. In ka ga Disabled, rubuta reagentc /enable. In ta ƙi, sai an faɗaɗa ɓangaren, amma kwafe fayilolinka tukuna, don kuskure guda a diskpart, manhajar da ake faɗaɗawar da ita, yana iya share komai.

In ɓangaren lafiya yake, rubuta net stop wuauserv da net stop bits, ka sauya wa jakar C:\Windows\SoftwareDistribution suna, sannan ka gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sai sfc /scannow.

Kwamfutar da ba ta tashi gaba ɗaya kuwa, filashi mai GB 8 za ka haɗa a wata na'urar da Media Creation Tool, manhajar Microsoft mai ɗora Windows a filashi. Saka filashin, ka danna F9 a HP ko F12 a Dell lokacin kunnawa don ta tashi daga filashin, ka zaɓi Repair your computer, ba Install ba. Tanadi makullin BitLocker (tsarin kulle bayanai na Windows) mai lambobi 48 kusa, kwamfutar tana iya nema.