Tambaya da Amsa: Ƙaramin Littafin Tarihin Duniya, Karatu Ne Ko Sanin Shanu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni mai gyaran waya ne a kusa da Kasuwar Dole, daga kwaleji na bar makaranta. Kwanan baya na sayi wani ƙaramin littafi na Faransanci wajen masu baza tsofaffin littattafai, bai kai shafi 200 ba, wai tarihin duniya ne tun daga farko. Yayana da ke jami'a ya ce ɓata lokaci ne, sanin shanu kawai zan yi wa kome. In karanta ko in ajiye? Daga wani mai karatu, Sabon Gari, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Karanta abinka, kuma kada ka ja shi da nisa. Mako biyu ko uku ya isa, tsakanin wannan waya da waccan.

Yayanka bai yi ƙarya ba, shafi 200 ba za su mai da kai masani ba. Sai dai ka tambaye shi, wanda ya hau duwatsun Birni ya hango gari, ya ga inda fada take, ya ga Zango, ya ga hanyar da ta miƙe zuwa Tanut, ɓata lokaci ya yi don bai leƙa ɗakin kowa ba? Da hangen nan zai san inda zai nufa in ya sauko.

Na koyar da tarihi a garin nan har gashina ya yi fari, kuma abin da ya fi wahalar da yara shi ne rashin sanin wa ya yi zamani da wa. Kowane darasi yana zaune shi kaɗai a kansu. Yaro ya haddace cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, amma in ka ce masa a shekarar nan ne bayin da suka yi tawaye a Haiti suka kafa ƙasarsu, kuma a ƙarshenta Napoliyon ya naɗa kansa sarkin sarakunan Faransa, sai ka ga ya saki baki. Babban littafi ba ya nuna maka haka da sauri, don kafin ka kai babin Haiti ka manta da babin Gobir.

Ga misalin da na fi so, don na gida ne. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mu muke Faransanci, ƴan uwanmu na Daura da Kano suna Ingilishi, alhali harshenmu ɗaya, aurenmu ɗaya? In ka tsaya kan tarihin Damagaram kaɗai, za a ce maka an kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazamaju, a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, sojan Faransa suka zo aka gwabza a Tirmini a 1899, gari ya faɗa hannunsu. Duk gaskiya ne. Amma tun 1890 Ingila da Faransa sun riga sun ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barwa ta bakin Tafkin Cadi, babu sarkin ƙasar Hausa ko ɗaya a wurin. Daga baya Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa nan ba ta da isassun rijiyoyi. Sai a 1904 aka sake zama, Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda yau yake cikin Kanada, ita kuma Ingila, cikin abubuwan da ta bayar, ta yarda a tura iyaka kudu. Wato ɗana, akwai garuruwan da suke Nijar yau saboda cinikin kifin wani teku mai sanyi da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba. Wanda bai san gasar Turawa ta wancan ƙarni ba, daga taron Barlin na 1884 zuwa 1885 har rigimar da Ingila da Faransa suka yi kan garin Fashoda na bakin kogin Nilu a 1898, zai ɗauka duk abin fushin kisan mutum guda ne.

Haka zancen arzikin Zango. Ayarin raƙuma da ke kai fatu da gashin jimina Tarabulus bai mutu don lalacin kowa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus, kaya suka juya suka fuskanci teku. Kai, har kuɗin wuri da kakanninmu suke ciniki da shi, da yawansa daga tsibiran Maldibu na Tekun Indiya ya fito.

To amma ga inda nake tare da yayanka. Mai taƙaita tarihi dole ya zubar da abu mai yawa, kuma abin da ke nesa da ƙofar gidansu yake fara zubarwa. Littattafai da dama irin naka suna tashi daga Masar su faɗa Girka da Rum, su yi zamansu a Turai, ba a ganin baƙar fata sai ranar da aka zo sayensa. Don haka kafin ka fara, buɗe jerin babobin ka duba. Akwai Sin da Indiya? Akwai Bagadaza, da yadda Mongol suka rushe ta a 1258? An ambaci hajjin Mansa Musa na 1324, ko faɗuwar Songai a Tondibi a 1591? Borno fa, wadda sarakunanmu suka daɗe suna kai wa gaisuwa? In babu ko ɗaya, karanta duk da haka, da sanin cewa labarin Turai ne aka sa wa babbar riga.

Ka samo biro, ka riƙa cike giɓin da hannunka a gefen shafi. Inda ya yi zancen masana'antun Ingila da bindigoginsu, rubuta: zamanin Sarki Tanimun, da ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna zuba igwa a nan Zinder. Inda ya kai bayan yaƙin duniya na ɗaya, rubuta: 1926, aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai. Inda ya kai 1945, sa haihuwar kuɗin sefa. Babin da ya fi tsaya maka a rai, shi za ka ce yayanka ya aro maka babban littafinsa a jami'a, tunda shi ya tayar da maganar.

Ka kuma duba shekarar da aka buga shi, tana shafin farko ko na ƙarshe da ƙananan haruffa. Littattafan bakin kasuwa sukan tsufa. In ka ga yana zancen Tarayyar Sobiyat kamar tana nan da ranta, to an buga shi kafin ƙarshen 1991, sai ka nemi cikon abin da ya biyo baya a wani wuri.