Ɗinkin fim daban, ɗinkin Sallah daban

Jiya da muna rufe shago ka tare ni da zancen abokanka, waɗanda suke son shirya fim mai dogon zango su riƙa ɗorawa a YouTube, na kwaikwayon jaruman katun ɗin Japan da kuke kwana kallo a waya. Ka ce sun ga rigar da ka ɗinka wa kanka ka yi hoto da ita, suna so ka yi musu kayan 'yan wasa gaba ɗaya, har su ba ka fitowa, amma kuɗi sai nan gaba. Ka ce, "Maigida, in karɓa?" Ina saurin samun jam'in magariba, shi ya sa na ce ka bari sai yau.

Ka karɓa, ɗana. Amma zauna ka ji.

Wannan shigar ta kwaikwayon jaruman katun da kuke kira kosfile, sunan daga Japan ya fito, kuma can abin ya yi ƙarfi har suna taron duniya a birnin Nagoya tun 2003. A Legas ma ana taron masu irin wannan shiga. Sai dai mai zuwa taro tsayawa yake yi a ɗauke shi hoto ya koma gida. Ɗan fim kuwa zai yi gudu, ya faɗi, ya yi birgima a ƙasa, darakta ya ce a sake, har sau goma. Rigar da ka yi wa kanka ta hoto ce. Na duba hamatarta, ɗaga hannu biyu za a yi ta yage. Ka saka ƙyalle mai kusurwa huɗu a hamata da tsakanin ƙafafun wando, ka bi ɗinkin sau biyu, ka bar rara a ciki saboda ranar da aka canza ɗan wasa da wani mai jiki.

Sannan idon kyamara ba irin namu ba ne. Ɗinkin Sallah kusa ake zuwa a duba shi, a shafa shadda, a ƙirga aikin wuya. Kyamara ba ruwanta da tsadar yadi. Yadi mai ƙyalli yana mayar da hasken fitila, fuskar mutum ta dushe. Mai ƙananan ratsi kusa da kusa za ka ga yana rawa a allo kamar ruwa. Fari tas a ranar Kano yakan haske har ninki da maɓalli su ɓace, don haka ka tsoma shi a ruwan shayi ya ɗan sirka. In sun ce za su ɗauka a gaban koren ƙyalle don su sa wuta da walƙiya da kwamfuta, kada kore ya shiga jikin kowa, in ba haka ba cikin jarumi zai ɓace a bar kai da ƙafafu. Kafin ka sa almakashi, ɗauki yadin da wayar da za a yi fim ɗin da ita, a rana da kuma a inuwa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan harka shi ne ƙarewar yadi. Shekarun baya na yi wa wasu yara rigar jarumi guda ɗaya tak, shuɗiya, don kuɗinsu bai kai biyu ba. A kashi na uku aka yi faɗa, ƙusa ta kama ta daga kafaɗa har ƙugu. Na zaga Kantin Kwari layi-layi da guntun ƙyallen a hannu, yadin ya ƙare. Na sayi fari na kai marinar Kofar Mata, aka tsoma, ya fito da kyau, amma shuɗin ya fi na farko duhu. A fim ɗin, jarumi ya shiga ɗaki da riga mai haske, ya fito da mai duhu. Masu kallo ba su bar mu ba. Tun daga ranar, rigar jarumi biyu nake yankawa daga bandir ɗaya, ɗaya ta faɗa, ɗaya ta zama, in kuma ajiye yadi guda a leda. Ka tuna ba a jere ake ɗaukar fim ba, ana iya ɗaukar ƙarshe kafin farko. Duk wanda ka sa wa kaya, ka yi masa hoto gaba da baya, ka san wane hannu aka naɗe, ɗamara ta wane ɓari aka ɗaure.

Sulke da takobi ba aikin keke ba ne. Je wajen masu takalma ka sayi robar da suke yanka tafin silifa da gam ɗinsu, ka yanka, ka ɗan gasa ta lanƙwashe, ka fesa fenti. Takalma da bel da jaket, gwanjon Kofar Wambai ya ishe ka. Takobin ƙarfe kuwa kul, na katako ko roba. Kakin soja ko na ɗan sanda, ko sun roƙe ka, a shagon nan ba a ɗinka shi, laifi ne farar hula ya sa. Kayan mata kuma ba yadda aka zana su za ka kwafo ba. Ka riƙe launi da alamar da ake gane jarumar da su, ka tsawaita, ka rufe. 'Ya'yan mutane ne, kuma ka faɗa wa abokanka akwai Hukumar Tace Fina-finai a jihar nan, su je su ji ƙa'idarta kafin su saki komai.

Yanzu kuɗi. "Sai YouTube ta fara biya" magana ce mai daɗin ji. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla a kan dogon bidiyo, ana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ko sun kai, jaruman nan suna da masu su, in aka sa kiɗansu ko hotonsu kamfani na iya karɓe kuɗin ko ya sa a sauke bidiyon. Saboda haka ladan hannunka za ka iya yafewa, kai ka so. Kuɗin yadi da zare da zif kuwa su ajiye kafin ka yanka. A rubuta sunanka a ƙarshen kowane kashi, kuma a yi magana tun yanzu kan wanda zai riƙe kayan in an gama.

Fitowar da suka yi maka alkawari, karɓi ƙarama. Mai riƙe da allura da zare a bayan kyamara ba ya samun sukunin haddace magana.

Keken baya naka ne bayan la'asar, ban da watan azumi, ka san yadda ɗinkin Sallah yake mana. Gobe ka zo da hotunan jaruman da awon kowa, mu ga yadi nawa zai ci kafin mu shiga Kwari.