Haƙorin Dashe Ya Fara Girgiɗi: A Gyara, A Cire, Ko A Sake Dasawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan da aka yi mini dashen turmi ɗaya a muƙamuƙin ƙasa. Kwanan nan ya fara girgiɗi in ina tauna, wani lokacin har da ɗan wari. Likitan da na gani ya ce sai an cire an dasa sabo, kuma daga aljihuna zan sake biya. Shekaruna 56, ina da ciwon suga. In sake dasawa ne, ko in haƙura in sa na roba? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ka amince a taɓa komai, ka tabbatar an gane abin da ke girgiɗin, domin haƙorin dashe kashi uku ne. Akwai ƙusar da aka murɗa cikin ƙashin muƙamuƙi, wadda galibi da ƙarfen taitaniyam ake yin ta. Akwai ɗan wuyan da ke zaune a kanta, sannan hular da ake gani a baki, wadda ake tauna da ita. Sau da yawa ɗan notin da ke riƙe wuyan ne ke kwancewa, sai hular ta riƙa rawa alhali ƙusar na nan daram. Idan haka ne, a zama ɗaya za a ɗaure shi ko a canza shi, ka tashi ka tafi gida. Hoton ƙashi da gwajin hannun likita su ne za su raba gardama. In ba a ɗauki hoto ba aka ce maka a cire, nemi wani likitan ya duba.

Idan kuwa ƙusar ce da kanta ke motsi, to gaskiyar likitanka ce, sai ta fita. Haƙorin da Allah ya halitta yana da wasu siraran zaruruwa da ke ɗaure saiwarsa da ƙashi, shi ya sa yakan ɗan motsa kuma ya koma daidai. Ƙusar dashe ba ta da su. Ƙashi ne ke tsirowa ya manne da jikinta kai tsaye, abin da wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura da shi a 1952, lokacin da ya kasa ciro wani ɗan bututun taitaniyam da ya sa a ƙashin ƙafar zomo, har ya kai ga dasa wa mutum na farko a 1965. Wannan mannewar ita ce dukan ƙarfin dashen. Da zarar ta saki, babu ƙwaya ko allurar da ke mayar da ita, kuma duk ranar da ka bar ƙusa mai motsi a bakinka ƙashin da ke kewaye da ita ƙara cinyewa yake yi. Ƙashin nan kuwa shi za ka nema gobe idan ka tashi sake dasawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne an yi maka maganar sabon dashe ba a faɗa maka abin da ya kashe na farkon ba. Fiye da 90 cikin 100 na dashe suna kai shekara 10 suna aiki, saboda haka wanda ya saki a shekara ta 4 yana da dalili. Warin da ka ambata yana nuni ga ciwon da ke kama dasashi da ƙashin da ke zagaye da ƙusa, inda dattin ƙwayoyin cuta ke taruwa a wuyanta ya riƙa gangarawa yana cin ƙashi. Sugan da bai daidaita ba yana buɗe wa wannan ciwo ƙofa, yana kuma hana rauni warkewa da wuri. Haka nan wanda ya taɓa rasa haƙora ta dalilin ciwon dasashi ya fi kowa saurin kamuwa. Akwai kuma masu taunar haƙora cikin barci, su da kansu ba su sani ba sai maiɗakinsu ta faɗa musu, wannan nauyin kan kwance noti ko ya fasa hula. Ka zaunar da likitan ka tambaye shi wanne ne naka a cikin waɗannan. Wanda ya dasa turke ƙasa ta zaizaye ya faɗi, ba ya mayar da sabo cikin ramin nan sai ya gyara ƙasar.

Ga shawarata. A cire ƙusar, a wanke gurbin sosai, idan ƙashi ya ragu a cike shi da garin ƙashi na dashe, a bar shi ya warke, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6. A cikin waɗannan watanni ka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin kusan wata 3 da suka wuce. Idan ya sauko kusa da 7, kuma sauran dasashinka ya daina jini, ina ganin ka sake gwadawa, amma da sanin cewa dashe na biyu a gurbin da na farko ya faɗi bai kai na farkon yawan nasara ba. Idan sugan ya ƙi saukowa, kada ka zuba kuɗinka. Haƙorin gada, wanda ake rataya shi a kan haƙora biyu na gefe, zai ba ka tauna mai kyau, sai dai dole a fere waɗannan biyun, kuma ni ina jin nauyin a fere lafiyayyen haƙori. Na roba mai cirewa shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma ba ya toshe maka hanyar dasawa nan gaba. Ka riƙe shi a matsayin na wucin gadi, babu abin kunya a ciki.

Batun biya kuma, ka binciki takardun da ka sa wa hannu tun farko. Manyan kamfanonin da ke ƙera ƙusar sukan ba likita wata a madadin wadda ta lalace, ko da yake wannan bai haɗa da ladan aikinsa ba. Ka tambaya a fili, cikin mutunci, a ware maka kuɗin kaya da kuɗin aiki.

Tambaya: Mahaifina yana da dashe biyu a sama, shekara 2 ke nan. Duk lokacin da ya goge baki wurin yana jini, amma ba ya masa ciwo kuma ba ya motsi. Yana shan taba. Ina so in saya masa ruwan kuskurar baki ko injin nan mai fesa ruwa tsakanin haƙora. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya yi miki albarka da kike lura da Baba haka. Kuɗin farko ki kashe shi wajen kai shi a duba. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, domin ciwon da ke cin ƙashin dashe yakan yi nisa bai sa mutum ya ce wash ba, motsi kuma sai a ƙarshe yake zuwa. Likita zai sa ɗan siririn ma'auni tsakanin dasashi da ƙusa ya ga zurfin wurin, ya ga ko mugunya na fitowa, sannan ya kwatanta sabon hoto da wanda aka ɗauka lokacin da aka ɗora hular. Idan kumburin a dasashi kaɗai ya tsaya, wankin asibiti da tsabtar gida suna warkar da shi sarai. Idan ya taɓa ƙashi, aiki ya ƙaru: wani lokacin sai an buɗe dasashin a kankare jikin ƙusar, kuma ƙashin da ya tafi ba kasafai yake dawowa duka ba. Ki roƙi likitan ya duba ko akwai ragowar simintin da aka manna hular da shi maƙale a ƙarƙashin dasashi, domin ɗan ɓarɓashinsa ya isa ya haddasa wannan jinin.

A cikin kayan saye, ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora shi na fi yarda da shi, a zaɓa masa girman da ya dace da ratar haƙoransa. Injin fesa ruwa yana taimakawa, musamman ga dattijon da zaren sakace ke ba shi wahala. Ruwan kuskura mai sinadarin kuloheksidin na ɗan lokaci ne, kamar mako 2, in ya daɗe yana rina haƙora yana dusashe ɗanɗano. Kada a saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, jinin zai lafa ya dawo. Taba kuwa, ki lallaɓa shi da girmamawa. Tana tsuke jijiyoyin jinin dasashi, kuma an daɗe da tabbatar da cewa dashen mashaya taba ya fi saurin lalacewa.

Tambaya: An yi wa mahaifiyata dashe, bai kai wata 2 ba ya fita da kansa. Wani wurin sun ce za su sake mata da rahusa, a sa ƙusa da haƙori rana ɗaya. Tana shan ƙwayar ƙarfafa ƙashi sau ɗaya a mako.

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Dashen da ya fita da wuri haka bai taɓa kama ƙashi ba tun farko. Ko ƙwayoyin cuta sun shiga raunin, ko ƙashin wurin ba shi da ƙwari, ko an ɗora masa tauna bai shirya ba, ko kuma ƙashin ya ƙone wajen huda, domin zafin da ya wuce digiri 47 na tsawon minti ɗaya yana kashe shi, shi ya sa ake kwarara ruwa a kan abin hudar. Sa haƙori rana ɗaya hanya ce da ake bi, amma ga mai ƙashi mai ƙarfi, kuma Mama ba ta nuna alamar haka ba. Ƙwayar da take sha, idan irin su alendronate ce, dole likitan haƙori ya san sunanta da tsawon shekarun da ta yi tana sha, saboda a wasu mutane kaɗan ƙashin muƙamuƙi kan ƙi warkewa bayan tiyata. Kada ta daina sha da kanta, likitocin biyu su yi magana. Duk inda kuka je, ku karɓi sunan kamfanin ƙusar da lambarta a rubuce. Notin kamfanin Straumann ba ya shiga ƙusar kamfanin Nobel Biocare, kuma ƙusar da ba a san mai ita ba takan rasa kayan gyara ranar da aka buƙata.

Tambaya: Jiya aka dasa mini a ƙasa ta baya. Har yanzu rabin leɓena da haɓata a mace suke. In jira?

Amsa: Na riga na amsa maka kai tsaye da saƙonka ya iso, ina maimaitawa ne saboda wasu. Allurar kashe zafi takan sake cikin 'yan sa'o'i. Idan an kwana leɓe bai farfaɗo ba, mai yiwuwa ƙusar ta danne jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa. Ka koma wurin wanda ya yi aikin yau ɗin nan, a ɗauki hoton da ke nuna ƙashi ta kowane ɓangare. Idan ta taɓa jijiyar, sassauta ta ko cire ta cikin kwana ɗaya ko biyu na farko shi ya fi ba leɓen damar dawowa daidai.