Filin Makaɗa: Me Mai Bateri Zai Ɗauka Zuwa Wurin Wasa?

Wasiƙun wannan watan sun taru ne a kan bateri, ba ta mota ba, jerin gangunan nan na orkes. Mun miƙa su ga masu kiɗa da masu sono da ke aiki a Yamai, ga abin da suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina kaɗa bateri a wata ƙungiyar matasa. An gayyace mu wasa a Yamai tare da wasu ƙungiyoyi biyar, kuma masu shiryawa sun ce akwai bateri a kan dandali. To in taho hannu rabbana ke nan? Daga wani makaɗi, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a ƙanena, kada ka kuskura. In aka ce maka "akwai bateri", abin da ake nufi shi ne akwai babbar gangar ƙafa, wato gros-kes, da tom biyu ko uku, wato gangunan da ke samanta da gefenta, da wasu ƙafafun ƙarfe. Sauran kai za ka zo da su, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka ɗauko sambal ɗinka duka, wato faya-fayan ƙarfen nan da ake duka, da kes-kiler, ƙaramar gangar da ke gabanka mai wayoyi a ƙarƙashi, da pedal na taka gros-kes, da baget, sandunan kiɗa. Dalili kuwa, waɗannan su ne abubuwan da hannunka da ƙafarka suka saba da su, kuma su ne masu saurin lalacewa. Ba mai son ya bar ma mutum shida sambal ɗinsa su yi ta jibga har dare ya raba, shi ya sa mai kayan kan kwance nasa ya tafi da su. Pedal kuma kowa da yadda ya ɗaure rasor ɗinsa. In ka hau na wani, ko ka ji shi da tauri kamar ƙofar kurkuku, ko ya yi laushi ya ƙi dawowa, kuma minti goman da za a ba ka tsakanin ƙungiya da ƙungiya ba za su ishe ka gyara shi ba.

Amma abin da ya fi kunyata makaɗa a kan dandali ba manyan kaya ba ne, ƙanana ne. Ka tanadi ƴar jaka wadda ba ta rabuwa da kai, a ciki akwai kile na ɗaure fata guda biyu, ɗaya a jakar ɗaya a aljihu. Akwai maƙallin nan da ke riƙe sambal na sama a sharleston, wato sambal biyun da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, maƙallin da in babu shi ƙafarka ta hagu ta zama ƴar kallo. Akwai matasan ulu da ake sa ma sambal sama da ƙasa, kamar shida, da notin papiyon uku, masu fiffike da ake murzawa da hannu, da ƴan bututun roba da ke hana ƙarfen ƙafa cin ramin sambal. Kan ƙafar sambal iri biyu ne, mai kaurin milimita 6 da mai 8, na zamani galibi 8 ne, don haka ka riƙe bututu na kowanne. In ba ka samu na kanti ba, ka je wurin mai gyaran moto ya yanko maka tiyon mai, guntaye masu tsawon santimita 2, muddin zai shige ramin sambal ɗin ba tare da matsi ba. Ka ƙara da sikoc mai faɗi, da filaya, da igiya ko ɗan ƙyallen roba na ɗaure wayoyin ƙarƙashin kes-kiler, da fata ɗaya mai inci 14 ko da tsohuwa ce. Baget kada su gaza bibbiyu sau uku, wato guda shida.

Hanyar Tawa zuwa Yamai ta haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma girgizar mota tana kwance noti. Da ka sauka ka bi kes-kiler da kile, ka duba ko wani ya saki ko ya faɗi. Sambal kuma kada ka yarda a jefa su ƙasan mota tare da buhunan albasa. Ka sa tsumma tsakanin kowane biyu, ka shiga da jakar ciki, ka tsayar da ita tsakanin ƙafafunka. Nauyinsu duka bai fi kilo 6 ko 7 ba. In kai bahago ne, ka faɗa ma mai sono tun da rana, don juya bateri tsakiyar wasa yana nufin juya mikoro da wayoyinsu.

Tambaya: Mu masu kiɗan biki ne, jita biyu da bas da bateri, yau muna Talaje gobe muna Harobanda, kuma a takisi muke yawo. Ina son in sake bateri. Abokaina sun ce in ba gros-kes mai inci 22 ba, wasan yara ne. Haka ne? Daga Bukoki, Yamai.

Amsa: Abokanka ba su ne za su ɗauke ta ba. Inci 22 kusan santimita 56 ne, kafin a ƙara noti da ƙafafu, kuma sau da yawa ba ta shiga ƙofar bayan ƙaramar takisi sai da kokawa. Mai inci 20, wato santimita 51, ta ishe ka, musamman in zurfinta bai wuce inci 14 ko 16 ba. Ka haɗa ta da tom ɗaya mai inci 12, da tom na ƙasa mai inci 14, da kes-kiler mai inci 14. Ganguna huɗu ke nan. Kiɗan biki a kan kes-kiler da sharleston da gros-kes yake tafiya, awa uku ko huɗu ba hutu, tom na uku da na huɗu ado ne kawai da ƙarin ƙarfen ɗauka.

Gaskiyar da ke cikin maganar abokanka ita ce babbar ganga ta fi zurfin murya. Sai dai a fili, ƙarƙashin rumfa, babu bangon da zai mayar da sauti, ko 22 ɗin ba a jin ta bayan layi na uku na kujeru in ba a sa mata mikoro ba. To tun da dole sai mikoro, ka bar bafil ya yi aikin. Ka huda fatar gaba: ka samu gwangwani mai faɗin baki santimita 10 zuwa 13, ka cire fatar ka shimfiɗa ta a kan katako, ka gasa bakin gwangwanin a wuta, ka riƙe shi da filaya ka danna sau ɗaya. Zafin yana yanke robar ya kuma liƙe gefen, ba kamar reza ba da ke barin tsaga mai ci gaba. Ramin ya kasance a gefe, kada a tsakiya, don na tsakiya yana zubar da iskar gaba ɗaya muryar ta bushe. A ciki ka sa ƙaramin matashi ko bargo naɗe, yana ɗan taɓa fatar da ake duka. In mikoro ɗaya kaɗai aka ware maka, na gros-kes ne. In biyu ne, na biyun ya rataya sama da kanka yana kallon kes-kiler. Na uku ne ke zuwa bakin kes-kiler, yatsa biyu ko uku sama da gefenta, irin Shure SM57 da masu sono da yawa ke da shi.

Sai maganar rairayi, wadda ba ka tambaya ba amma ita ce ciwon kan mai kiɗan biki. A kan yashi ƙafafun gros-kes ba su da abin kamawa, kowane duka tana matsawa gaba, pedal yana nutsewa, ƙasa tana shiga sarƙarsa. Magani shi ne tapi mai kauri, kamar mita ɗaya da rabi a mita biyu, wanda kujerarka da gros-kes da sharleston duk za su hau, nauyinka ya danne shi. In yashin ya yi laushi, ka sa falankin katako ƙarƙashin tapin wajen pedal. Tabarmar roba ba ta yi, santsi gare ta.

Tambaya: Ina tara kuɗi in sayi sambal. Wane iri, kuma guda nawa? Na ga wasu masu ƙyalli da araha. Daga wata ɗalibar kiɗa, Yantala.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanwarmu. Uku sun isa kowane wasa: sharleston mai inci 14, rayid mai inci 20, babban da ake riƙe kiɗa a kansa, da kirash mai inci 16 ko 18, wanda ake bugawa don ƙara armashi. In kuɗin ba su kai ba, ki fara da sharleston mai kyau, don shi ake duka fiye da kowa, sannan kirash mai inci 18 wanda zai iya tsaya miki a matsayin rayid kafin Allah ya hore.

Ƙyalli ba shi ne ba, ƙarfen za ki duba. Masu arahar nan rawaya ƙal, jan ƙarfe ne da aka gauraya da zinki, irin Meinl HCS ko Planet Z na Zildjian. Sun yi ma mai koyo a ɗaki, amma muryarsu gajera ce kamar murfin tukunya, kuma suna lotsawa. Sama da su akwai B8, kashi 92 jan ƙarfe kashi 8 kuza, launinsa ya fi ja, muryarsa tana da kaifi tana keta ƙarar jita. Kada ki raina shi, Paiste 2002 na ƙasar Suwizalan da manyan makaɗa ke amfani da shi daga wannan haɗin aka yi shi. Sai B20, kashi 80 jan ƙarfe kashi 20 kuza, launinsa ya ɗan fi haske, muryarsa ta fi cika, shi ne na Zildjian A da K da Sabian AA da masu zuwa daga Turkiyya. Gidan Zildjian ma can Istambul ya samo asali a 1623, kafin ya koma Amurka. A ra'ayinmu, gwamma B20 na hannu mai lafiya da sabon rawaya a kwali. Don wasan fili ki zaɓi matsakaicin kauri. Mai siriri yana da daɗi a ɗaki, amma a waje muryarsa ɓacewa take, sai ki ƙara ƙarfi, sai ya tsage.

In na hannu ne, ki rataya shi a yatsa ki ɗan buga. In kin ji wani zizar kamar ƙuda a cikin kwalba, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Ki bi gefensa da farce, ki ɗaga shi ga hasken rana ki bi layukan jikinsa. Ramin tsakiya ya zama zagaye. In ya koma kamar ramin makulli, an daɗe ana kaɗa shi ba roba.

Tambaya: Kirash ɗina ya tsage a gefe kamar tsawon gaɓar yatsa. In kai ma mai walda a Katako? Daga Wadata, Yamai.

Amsa: Kada ka kai. Zafin walda yana sake ƙarfen wurin, muryar ta mutu, kuma yakan sake tsagewa a gefen ɗinkin. Ka nemo ƙarshen tsagar, ka sa alama ɗan gaba da inda ido ya ga ta tsaya, a huda rami na milimita 3 a nan, a hankali, ana ɗiga ruwa kada ya yi zafi. Sannan a goge leɓɓan tsagar da zarto don kada su riƙa gugar juna. Ko kuma a yanke wurin kamar jinjirin wata a gyare gefen ya yi sumul. Wannan jinkiri ne kawai, ba warkewa ba. In tsagar daga ramin tsakiya ta taso, ka fara neman wani.

Ka kuma binciki abin da ya tsaga shi, kada na gaba ya bi sahu. Yawanci ɗayan uku ne: an matse papiyon har sambal ba ya lilo, ko an kafa shi sama a kwance ana saran bakinsa da jikin baget, ko an jingina shi a tsaye kan siminti. Ka ɗan karkato shi wajenka, ka bar shi yana rawa, dukan ya zama shafa ta gefe. Baget mai lamba 5A ya ishe shi, 5B mai kauri a kan siririn kirash neman magana ne. Wanki kuma ruwa da sabulu da tsumma mai laushi, ana bin layukan. Toka da yashi da lemun tsami a bar ma kwanonin gida.

Tambaya: Fatar tom ɗina ta fashe, ta roba kuma tana wuyar samu a nan. Baduku zai iya ɗaura mini ta akuya? Daga Tawa.

Amsa: Zai iya, Malam, da ma fatar dabba ake sa ma bateri har zuwa wajen 1957 da ta roba ta fito. A jiƙa fatar, a naɗe ta a zoben tsohuwar, a ɗaura da sauƙi a bar ta ta bushe a inuwa kafin a ja. A kan tom muryarta tana da daɗi ƙwarai. Amma halin fatar kalangu gare ta: da damina ta saki, da hunturu ta ɗame har ta iya fashewa, don haka bayan kowane wasa ka sassauta noti. Ga kes-kiler kuwa ka nemi ta roba ko daga Yamai ne, dukan ya yi ma ta akuya yawa. In ka samu zaɓi, mai ninki biyu irin Remo Emperor ko Evans G2 ta fi jure dukan biki fiye da mai ninki ɗaya. Wurin ɗauri ka bi noti da kishiyarsa, rabin juyi rabin juyi, kana ƙwanƙwasa kusa da kowanne har muryoyinsu su daidaita.

Ita ma roba tana da maƙiyi, rana. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, bateri da aka kafa tun azahar fatarta takan saki, rufin jikin gangunan ya kumbura don gam ya narke, sambal kuma ba ya taɓuwa. A lulluɓe ta da farin zane har la'asar sakaliya, a sake ɗaure ta dab da farawa, kuma kada a bar ta cikin mota rufe. Da ƙurar hunturu, sarƙar pedal ɗigon mai ɗaya take so sannan a goge. In ka cika mata mai, ita da ƙura sai su zama taɓo mai cin ƙarfe.

Tambaya: Bateri mai lantarki fa, ba ta fi sauƙin ɗauka ba? Daga Yamai.

Amsa: Ta fi, kuma a ƙaramin zaure ko majami'a inda ake son rage ƙara tana da amfani. Sai dai ba ta da murya sai ta bafil, dole a ware maka naka na ji kusa da kai, kuma in wuta ta ɗauke ko gurup ya tsaya, kai ma ka tsaya. Wutar gurup da ke hawa da sauka tana iya ƙona mata kai, don haka a haɗa ta da na'urar daidaita wuta. In za ka fita da ita biki, ka riƙe kes-kiler ta gaske da sharleston a gefe, ko wuta ta tafi, matan biki ba za su bar fili ba kafin a tada inji.