Amsa ga ɗan uwa na Birnin Kebbi mai son zagaya duwatsun jihar Colorado ta Amurka a Oktoba

Malam ka ce za ka ziyarci ƙaninka a Denver ku ɗauki hayar mota ku hau duwatsu, kana tambaya ko rigar sanyi ta isa. Wallahi ba ta isa ba. Sanyin can ba irin hunturunmu na Kebbi da Zamfara ba ne, a Oktoba dusar ƙanƙara na iya zuba ba zato, musamman wajen ramin Eisenhower, inda babban titin I-70 ya huda cikin dutse a wurin da tsayinsa daga matakin teku ya kai mita 3,400, sai ka bar gari rana ƙal ka hau sama ka tarar kwalta ta daskare tana santsi.

Taya ita ce magana. Daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu doka ta tilasta tayoyi masu riƙe ƙanƙara ko sarƙa a yankin duwatsu na titin I-70, to ka tambayi masu haya tun kafin ka biya. Titin Trail Ridge kuma, mai bi ta saman duwatsu a gandun daji na Rocky Mountain, yawanci tsakiyar Oktoba ake rufe shi, kar ka dogara da shi.

Duba COtrip, shafin hukumar sufurin Colorado mai nuna halin tituna, kullum da safe, tanki a cike, bargo da ruwa da caja a mota. A gangara sa ƙaramin giya, kar ka yi ta danne birki. Don Allah banda tuƙin dare. Allah ya kiyaye hanya.